Shiryayyen darasi ko rabon rukuni: wanne makarantar firamare za ta fara da shi?

Duk hedimastan da ya taɓa kiran ɗan aji biyar ya miƙa masa littafin aji biyu ya ce karanta, ya san inda gizo ke saƙar. Yaron zai riƙe littafin daidai, ya dubi hoto, ya dubi malam, ya yi shiru. Wani kuma zai zubo karatu tiryan-tiryan, sai an rufe hoton an ɗora yatsa kan kalma ɗaya a tsakiyar layi sannan a gane hadda yake kawowa. Wannan ba baƙon abu ba ne a Katsina da Daura da ƙauyukansu, kuma bai tsaya kan makarantun gwamnati ba. Akwai makarantun kuɗi da yaransu ke rera Turanci kamar waƙa, amma haɗa baƙi da wasali ya gagare su.

Hanyoyi biyu ne suka yi fice wajen gyara wannan, kuma duka an gwada su a Arewa. Ta farko ita ce shiryayyen darasi: a ba malami jagora mai ɗauke da darasin kowace rana, a ba kowane yaro littafinsa, a horar da malamin, sannan a riƙa shiga ajinsa ana gyara masa. Irinta ce shirin RANA ya kawo Katsina da Zamfara a 2015, ƙarƙashin UNICEF da ƙungiyar FHI 360 da kuɗin gwamnatin Birtaniya, domin koyar da karatun Hausa a aji ɗaya zuwa uku. Ita ce kuma aka bi a Bauchi da Sakkwato da tallafin Amurka, kuma Kenya ta shimfiɗa ta a faɗin ƙasa da sunan Tusome a 2015. Hanya ta biyu ita ce koyar da yaro daga inda karatunsa ya tsaya, wadda ake taƙaita sunanta da TaRL. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ce ta ƙirƙiro ta. An gwada ta a Borno, an kuma gwada ta a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa na jihar Kano. A nan za mu kira ta rabon rukuni, domin abin da ido ke gani ke nan: a gwada yara, a raba su bisa iyawarsu ba bisa ajinsu ba, na awa ɗaya ko ɗaya da rabi kullum.

Makarantar da ke da kuɗi da malamai sai ta yi duka biyun. Mafi yawan makarantunmu ba haka suke ba, kuma ba a tauna taura biyu lokaci guda. Saboda haka dole a san wadda za a fara da ita.

Shiryayyen darasi a cikin aji

A ɗauki darasin harafin ƙ a aji ɗaya. Malama ta rubuta shi babba a allo, ta furta sautinsa, ba sunansa ba. Ta faɗi kalmomi biyu-biyu, baki da baƙi, kara da ƙara, kafa da ƙafa, yara su ɗaga hannu idan sun ji sabon sautin. Daga nan ta haɗa shi da wasula biyar: ƙa, ƙe, ƙi, ƙo, ƙu. Ta fara yi ita kaɗai, a yi tare, sannan ta yi shiru yara su yi da kansu. Wannan mataki na uku shi ne ran darasin, kuma shi ne aka fi tsallakewa. Sai a haɗa gaɓoɓi su zama kalma, ƙofa, ƙasa, baƙo, a karanta gajeriyar jimla wadda babu harafin da ba a koya ba a cikinta, kowane yaro yatsansa na kan layin littafinsa. A rubuta harafin a iska, a rubuta a takarda. A ƙarshe malama ta karanta musu ɗan labari ta yi tambayoyi, har da wadda amsarta ba ta kwance a fili cikin labarin. Duk wannan cikin minti 35 zuwa 45 ne idan an saba.

Hikimar tsarin tana cikin jerin haruffan. Ba a bin a, b, c. Ana farawa da haruffan da suka fi yawo a Hausa, irin su a, n, k, m, domin cikin 'yan makonni yaro ya karanta nama, kaka, kama, mana da kansa. Yaron da ya karanta kalma ta gaske a watansa na farko ya riga ya gane cewa karatu abu ne mai yiwuwa. Hausa kuma ta sauƙaƙa aikin, tun da yawanci yadda aka rubuta haka ake furtawa, saɓanin Turanci inda harafi ɗaya ke ɗaukar sauti uku ko huɗu. Sai dai akwai wuraren tuntuɓe da malami ya kamata ya sani. Rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti, shi ya sa gari na zama da gari na tuwo suke kama ɗaya a takarda, sai jimla ta raba su. Haruffa irin sh, ts, ky, gw sauti ɗaya ne kowannensu, idan aka koyar da su a rarrabe yaro zai rikice. Bakatsinen yaro da ke cewa tahi a gida zai ga tafi a littafi, kuma wannan ba laifin da za a tsawata masa ba ne, bayani kawai yake so. Sannan duk takardar jarrabawar da aka buga aka zubar da lanƙwasar ɓ, ɗ, ƙ tana rushe abin da aka gina a aji.

Tsarin yana da tsada, kuma ba ya karɓar rabi-rabi. A Kenya, kafin a kafa Tusome, an gwada sassansa ɗaya bayan ɗaya: horar da malamai da bibiyarsu kaɗai bai kawo wani abin a zo a gani ba, da aka ƙara littafi ga kowane yaro aka ga ci gaba, da aka ƙara jagorar malami aka fi samun riba. Tun kafin nan wani bincike a yammacin Kenya ya nuna raba littattafan manhaja na Turanci bai amfani kowa ba sai yaran da dama su ne kan gaba, domin sauran ba sa iya karanta su. A Afirka ta Kudu kuma an kwatanta malaman da ake tarawa bita a wuri ɗaya da waɗanda mai horarwa ke bi har aji, aka ga yaran na biyun sun fi samun karatu. Ma'ana, littafin da ya dace da yaro, jagora a hannun malami, da mutum mai shiga aji, ukun nan tare suke tafiya. Ajin da ke da yara 90, idan littafin na zango-zango ne, littafi 270 yake ci a shekara, kuma yara na yaga su, ruwa na jiƙa su, gara na cin waɗanda aka ajiye.

Inda ake faɗuwa sananne ne. Ana kawo littattafai, hedimasta ya kulle su a kabad don kada su lalace kafin masu dubawa su zo. Ana horar da malamar aji ɗaya, zango na gaba a yi mata canjin wurin aiki, wanda ya gaje ta bai taɓa buɗe jagorar ba. A aji mai yara sama da ɗari, amsar taro tana rufe asiri: goma na gaba ke karantawa, saura na bin sautinsu, malami ya fita yana murna. Maganin wannan shi ne a kowane darasi a nuna yara biyar daga layukan baya su karanta ɗai-ɗai, a kuma riƙa juya wurin zama duk mako. Babban rauninsa kuwa shi ne da kalanda yake tafiya. Yaron da aka riƙe a gona mako uku lokacin noma ko girbi, ko yarinyar da talla ke cinye mata ranakun kasuwa, idan suka dawo haruffa da dama sun wuce su, jagora kuma ba ta jira. Sai malami ya ware ranar bita duk mako, ya kuma yarda ya maimaita darasi ko da jadawali ya ce a wuce.

Sannan a faɗi gaskiya: shiryayyen darasi ba abin da zai yi wa ɗan aji biyar na bana. Ribarsa sai bayan shekara biyu ko uku take bayyana a makaranta, lokacin da yaran da aka fara da su suka hau sama.

Rabon rukuni a cikin aji

Komai daga gwaji yake farawa, kuma gwajin na baki ne, yaro ɗaya da malami ɗaya, kamar minti biyar. Takarda ɗaya ce mai ɗauke da haruffa, kalmomi, sakin layi na gajerun jimloli huɗu, da ɗan labari. Da sakin layi ake farawa. Idan yaro ya karanta shi a jere ba tare da yawan tuntuɓe ba, a kai shi labari. Idan ya kasa, a sauko kan kalmomi, ya zaɓi biyar ya karanta aƙalla huɗu daidai. Idan ya kasa, a sauko haruffa, nan ma huɗu cikin biyar. Wanda bai kawo su ba yana matakin farko. Matakai biyar ke nan: mafari, harafi, kalma, sakin layi, labari. Lissafi ma haka, daga gane lambobi zuwa ɗebewa mai aro zuwa rabawa. Makaranta mai yara 300 daga aji huɗu zuwa shida za ta ci awa 25 a gwajin karatu, idan malamai shida suka raba, kowa awa huɗu da 'yan mintoci, wato safiya biyu ko uku. A zaunar da yaro gefe, ba a gaban aji ba, a ajiye bulala nesa, domin yaron da ya tsorata yakan kasa abin da ya iya.

Ranar da aka tara sakamakon nan rana ce mai nauyi ga malamai, kuma tana da amfani. Gani ya kori ji. Malamin da ya shekara yana rubuta dogon not a allo yara na kwafa da kyakkyawan rubutu, ranar yake sanin nawa ne cikinsu ke iya karanta abin da suka kwafa.

Daga nan idan lokacin ya yi sai a kaɗa ƙararrawa, yara su bar azuzuwansu su nufi rukuninsu. 'Yan mafari da 'yan harafi su zauna da'ira kan tabarma da jadawalin gaɓoɓi, suna nuna ba, be, bi, bo, bu a gicciye da a tsaye da a hargitse don kada ya koma waƙa, suna rubutu da alli a daɓe ko da yatsa a yashi. 'Yan kalma su riƙa gina jimloli, su faɗi kalmomin da suka danganci kasuwa ko rijiya su rubuta su. 'Yan labari su karanta, su sake ba da labarin da bakinsu, su rubuta nasu.

A lissafi kayan aikin tsinke ne da dami. A yanka karan dawa siriri ko a tsinko tsintsiya, kowane goma a ɗaure da roba. A ce 42 a ɗebe 17. Yaro ya ajiye dami huɗu da tsinke biyu. Ya ga ba a cire bakwai daga biyu. Sai ya kwance dami ɗaya, tsinkayensa su koma goma sha biyu, ya cire bakwai saura biyar, cikin dami ukun da suka rage ya cire ɗaya saura biyu. Ya duba gabansa ya ga dami biyu da tsinke biyar, ya rubuta 25. Yaron da ya shekara uku yana jin ana cewa ara ɗaya bai san daga ina ake arowa ba, ranar yake gani da idonsa, kuma da hannunsa ya kwance damin.

Bayan kowane 'yan makonni a sake gwaji, wanda ya haye a ɗaga shi. Iyaye ba sa shan wuyar fahimtar wannan idan aka kwatanta musu da makarantar allo. A can ba a taɓa cewa duk 'yan shekara goma su wanke allonsu rana ɗaya ba. Kowa da inda karatunsa ya tsaya, mai babbaƙu daban, mai farfaru daban, kuma ba a ƙara wa yaro sai ya biya na jiya malam ya ji. Boko ce ta zo da ɗaga yara aji bisa shekara ko sun iya ko ba su iya ba.

An auna wannan hanya sosai a Indiya, kuma cikin masu aunawar akwai Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suka samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2019. Abin da ya fi amfani gare mu shi ne inda ta gaza. A jihohin Bihar da Uttarakhand an horar da malamai an ba su kayan aiki amma ba a ware musu lokaci ba, sai suka koma bin manhaja kamar da, karatun yara bai motsa ta hannunsu ba. A Haryana aka ware awa ɗaya a jadawali, aka sa jami'an sa ido su fara koyar da yara da kansu kafin su duba wani, sai aka ga ci gaba a karatu. A Uttar Pradesh aka yi ta a dunƙule, kwanaki goma-goma ko ashirin-ashirin har kimanin kwana 50, yawan yaran da ke iya karanta sakin layi ko labari ya ninka na makarantun da ba a yi ba.

Ita ma tana da nata ciwon. Na farko kunya. Budurwa 'yar shekara goma sha huɗu a aji shida, a zaunar da ita da 'yan shekara tara, idan ba a yi hattara ba sai ta daina zuwa, kuma da ma ƙiris ake jira a cire ta. Kada a bari a ji kalmar ajin daƙiƙai a bakin malami ko ɗalibi. A ba rukunoni sunayen da ba sa nuna sama da ƙasa, kuma idan manyan 'yan mata sun kai goma a ware musu tabarmarsu. Na biyu, rukunin ƙasa shi ne ya fi cika, kuma shi ake yawan jibga wa malamin da ya fi rauni ko ɗan sa-kai. Daidai shi ne a juya: malamin da ya fi haƙuri da iya Hausa ya riƙe 'yan mafari, a raba su gida biyu idan sun haura hamsin. Na uku, malamai kan ɗaga yara a takarda don a yaba musu. Na huɗu, 'yan labari sukan zauna ba aikin yi idan babu littattafan karantawa, su fara gundura, iyayensu su fara ƙorafi. Sannan hanyar tana da iyaka. Tana kai yaro ga karatu da lissafin tushe ne kawai, ba ta koyar da kimiyya ko manhajar jarrabawar shiga ƙaramar sakandare. Idan kuma ba a gyara aji ɗaya da biyu ba, kowace shekara sabon ayarin marasa karatu zai iso aji huɗu, a yi ta kwasar ruwa rufin na yoyo.

Lokacin da aka sa ta a jadawali yana iya kashe ta ko raya ta. Bayan tashi ba ya yiwuwa a mafi yawan unguwanni, domin yara na da Islamiyya da yamma, ga yunwa, ga aike. Darasin farko na safe ma asara ne, musamman da hunturu, saboda makara, kuma masu makarar su ne suka fi bukata. Abin da ya fi shi ne daga darasi na biyu zuwa fita tara, ko da zarar an dawo tara, Litinin zuwa Alhamis ba fashi, Juma'a a bar ta ga gwaji da karatun labari.

Abin da kowace ke yi wa malami

Nan ne masu tsara shiri suka fi yin sakaci. Shiryayyen darasi yana sauke wa malami nauyin tunanin me zan koyar gobe, kuma ga mai NCE da ya karanta wani fanni daban aka jefa shi aji ɗaya, jagorar ita ce horon koyar da karatu na farko da ya taɓa samu. Da yawa ta nan suke gyara nasu rubutun Hausar, su san inda ake raba kalma da inda ake haɗewa. Amma gogaggen malami yakan ji an ɗaure shi, musamman idan jagorar ta cika surutu har tana faɗa masa kowace kalmar da zai furta. Jagora mai shafi ɗaya ko biyu ga darasi ta fi mai shafi biyar. Idan kuma aka ba malami jagora sannan aka ce sai ya sake kwafe ta cikin littafin shirin darasi don mai dubawa ya sa hannu, an ninka masa aiki a banza, kuma zai tsani shirin. Hedimasta da sakataren ilimi su daidaita wannan tun farko.

Rabon rukuni ya fi gajiyar da jiki. Malami zai sauko daga gaban allo ya durƙusa kan tabarma, ya jure hayaniya, ya shirya katunan kalmomi da hannunsa, ya cike takardar sakamako. Yana kuma bukatar malami mai iya yanke shawara nan take, tun da babu rubutaccen darasin kowace rana. Ladarsa ita ce saurin ganin sakamako. Malamin da ya ga yaro ya tashi daga harafi zuwa kalma cikin wata guda a hannunsa, ƙarfin gwiwar da yake samu ba alawus ɗin bita da ke ba da shi. Haɗarinsa kuma rashin zuwan malami ɗaya yana rikita makaranta duka, domin rukuninsa ya haɗa yaran azuzuwa uku. Dole a sami wanda zai maye gurbi, ko da hedimasta ne da kansa.

Duka biyun suna mutuwa idan mai shiga aji ya zo da fuskar kama laifi. Ziyarar da ke gyara malami ita ce wadda jami'i zai zauna a baya darasi ya ƙare, ya ɗauki yara uku ya gwada su, ya yaba abu ɗaya, ya nemi a gyara abu ɗaya tak, ya dawo bayan mako biyu ko wata ya duba. Inda jami'in ƙaramar hukuma ba ya samun man babur, sai hedimasta ko babban malami ya ɗauki aikin, malamai kuma su riƙa zaman minti talatin duk mako suna gwada darasi a junansu.

Maganar harshe

Iyaye da yawa za su ce su Turanci suka kawo 'ya'yansu su koya, Hausa ai da ita aka haife su. Manufar gwamnati ma ta yi ta juyawa. An daɗe a kan cewa a koyar da harshen yankin a shekaru ukun farko, a 2022 aka ce har aji shida, a Nuwamban 2025 kuma ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar da komawa Turanci a matsayin harshen koyarwa. Ko me aka ce a Abuja, yaron Sandamu ko Mai'aduwa da ya shigo aji ɗaya ba ya jin Turanci, kuma haɗa baƙi da wasali sau ɗaya ake koyonsa a rayuwa. Ya fi sauƙi a koye shi cikin harshen da yaro zai ji ma'anar abin da ya karanta, sannan a ɗora Turanci a kai. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970 da Yarbanci ya nuna yaran da aka koyar da harshensu ba su koma baya a Turanci ba. Shawarar da ta fi dacewa ita ce a riƙe darasin karatun Hausa kullum, a fara Turancin baka tun aji ɗaya da gaisuwa da umarni da sunayen abubuwa, a shiga karatun Turanci gadan-gadan idan yaro ya kai matakin sakin layi a Hausa. A taron iyaye kada a yi dogon jawabi. A kira yaro ya karanta wasiƙar Hausa da bai taɓa gani ba a gabansu.

To wanne?

A fara da gwajin nan na minti biyar, ko wace hanya za a bi, domin ba ya cin komai sai takarda. Idan ya nuna rabin 'yan aji huɗu zuwa shida ba su kai sakin layi ba, rabon rukuni za a fara da shi a wannan zangon. Dalili biyu ne. Waɗannan yaran lokacinsu ya kusa ƙarewa, wasu daga aji shida ba za su sake zama a aji ba, kuma kayan aikinsa alli ne da kwali da kara da tabarma, abin da kwamitin al'umma mai kula da makaranta (SBMC) ko ƙungiyar iyaye da malamai za su iya ɗauka ba tare da jiran hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha (SUBEB) ba. Makarantar ƙauye a Baure ko Zango mai malamai uku ko huɗu ga azuzuwa shida, ita ma rabon rukuni ya fi mata, tun da da ma haɗa azuzuwa ake yi, gara a haɗa bisa iyawa.

Shiryayyen darasi shi ne zaɓi idan makaranta na da tabbacin abu uku: littafi ga kowane yaro ko aƙalla ɗaya ga yara biyu, malaman aji ɗaya da biyu da ba za a ɗauke su ba har shekara biyu, da mai shiga aji a kai a kai. Makarantar da ta taɓa shiga RANA ta fara bincika kabad da sito, domin sau da yawa jagorori da ragowar littattafai na nan, kuma akwai malaman da aka horar da ke koyar da wani aji daban yanzu. A mayar da su aji ɗaya. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35, kowa ya san nisan da ke tsakanin wannan da ajin farko a manyan makarantun cikin garin Katsina, saboda haka idan za a raba aji ɗaya gida biyu ta hanyar haɗe wani ajin sama mai ƙarancin yara, a yi. Al'adar tura malamin da ya fi rauni aji ɗaya a ajiye gwani a aji shida don jarrabawa, ita ce ke haifar da matsalar da ake biyan kuɗin lesin a kanta daga baya. Makarantun kuɗi masu yara 25 ko 30 a aji ba su da uzuri, shiryayyen darasi suke bukata tun daga nazare, su kuma mayar da awar lesin ɗin da suke karɓar kuɗinta ta zama ta rukuni maimakon maimaita not ɗin safe.

Duk wadda aka zaɓa, a mako na shida a sake gwaji, kuma a musanya malamai, kowa ya gwada yaran da ba nasa ba, da sabuwar takarda mai kalmomi daban. A rubuta adadin kowane mataki a kwali a manna a ofishin hedimasta kusa da na farko. Idan rukunin mafari bai ragu ba, kafin a zargi hanyar a duba rajista a ƙirga kwana nawa aka yi darasin da gaske cikin kwana talatin ɗin, a ƙirga kwana nawa kowane yaron da bai motsa ba ya zo. Yaron da ya zo kullum amma bai motsa ba, a matso da shi gaban allo a duba ganinsa da jinsa, a kuma tambayi gida ko yana karyawa kafin ya fito.